Hancin Kawu

Kawuna turare yake sayarwa, kuma ya ce shi da hanci yake cin abinci. Duk wanda ya faɗa wa haka sai ya yi dariya, shi kuwa ba ya yi, don da gaske yake. Shagonsa yana tsallaken titinmu, tsakanin kemis da mai gyaran waya. Ɗan mitsitsi ne, in mutum biyu suka shiga sai na uku ya jira a waje. Kwalabe ne jere tun daga ƙasa har silin, wasu ko rubutu babu a jikinsu, ga wani tsohon kofi cike da sirinji manya da ƙanana, waɗanda yake zuƙo man turare da su yana ɗigawa a 'yan kwalabe. A ɗakin da ke saman shagon yake kwana. Ƙanin Mama ne, kuma ɗan autan Kaka, shi ya sa har yau da furfura a gemunsa su biyun Auta suke ce masa. Ni kuma shi ya laƙaba mini Kamus tun ina firamare, sunan ya tsallako titi ya zauna a gidanmu.

Ranar da nake son ba da labarinta, ranar ce za a sallamo Kaka daga asibiti. Ta daɗe a kwance da ciwon huhu, Mama tana can tana jinyarta. Likita ya gaya wa Mama ba ɓoye-ɓoye cewa huhun bai gama warwarewa ba, ko mura kada a bari ta raɓe ta, balle korona, wadda a lokacin ta sake dawowa gari da sabon salo. Baba yana wurin aiki a wani gari mai nisa. Kawu ne mai mota, shi zai ɗauko su da la'asar. Kaka kuma ba ta yarda a sauke gilashi in tana cikin mota, ta ce iska tana shigar mata kunne ta kwana a ciki. Asibitin ba kusa ba ne. Duk abin da direba ya fitar daga ƙirjinsa a wannan tafiya, Kaka za ta shaƙa.

Da safe Mama ta kira ni ta ce in kai wa Kawu bargo da filo ya sa a mota. Ban kai ga tsallaka titi ba na jiyo tarinsa. Busasshe ne, gajere, irin wanda mutum yake ƙoƙarin haɗiyewa. Na tsaya a bakin titi rungume da filo. Na koma gida na ɗauko takunkumi. Da na zo ƙofa sai na sake komawa na ƙara wani a kai.

Sai na yi bayanin wani abu kafin in ci gaba. Kawu ya taɓa yin korona, tun zuwanta na farko. Bai kwanta asibiti ba, amma ta ɗauke masa jin ƙamshi wata da watanni. Ina tuna shi zaune a kujerarsa a tsakiyar kwalaben nan, ya buɗe wannan ya rufe wancan, kamar wanda aka ajiye a laburare aka ƙwace masa tabarau. Ya rame. Ya daina tsokanar kowa, har mai kemis, wadda kullum yake cewa warin shagonta yana kore masa masu saye, ta fara tambayar Mama ko lafiya. Hancin ya dawo a hankali, lemo da farko, sannan sauran suka biyo baya. Da rigakafi ya iso kuwa, mutumin da yake wuni da sirinji a hannu amma in ya ga allura sai ya nemi ƙofa, shi ne a gaban layi, har sau biyu. Tun daga nan yake cewa shi da korona sun san juna, sun yi zaman gida ɗaya, ko a duhu ta shigo zai gane ta.

Na same shi yana goge kanta, idanunsa sun ɗan yi ja. Na tsaya daga waje na gaishe shi. Ya dube ni, ya dubi takunkumi biyu, ya tambaya wane banki za ni fashi da filo. Ya ce in shigo, na ce nan ma ya isa. Muryarsa ta dushe. Na tambaye shi jiki, ya ce wane jiki, ai fanka ce ya kwana a ƙarƙashinta, sai ɗan ƙaiƙayin maƙogwaro da bai kai a faɗa ba.

Ni ba na iya musu da manya. Gaskiya ko da yara ma ba na iyawa. In na buɗe baki, kalmomin da na jera a kaina sai su hau turereniya a ƙofa, na baya ya riga na gaba fita. Amma na tuna gilashin mota a rufe, sai na tambaye shi, ina kallon filo, ko zai yiwu korona ce.

Ya miƙa hannu baya ba tare da ya waiwaya ba, ya zaro wata kwalba marar rubutu, ya buɗe, ya kai hanci, ya lumshe ido.

"Sandal," ya ce. "Da ɗan wardi a ƙarƙashi, da ɓawon lemo da suka ƙara don su ruɗe ni. Kamus, in korona ce, da yanzu kamar ruwan famfo nake shinshina. Na san ta. Ta hanci take fara gaisuwa."

Na ce ai ta canza. Ya ce shi ma ya canza, ya ƙara allura biyu.

Na karanta abin sosai, har da hotuna, don tun da aka kwantar da Kaka ba ni da aikin da ya wuce shi. Na so in ce masa ƙwayar korona kamar ƙwallo take mai ƙayoyi a jiki, da ƙayoyin take maƙale wa mutum ta shiga. In mutum ya yi cutar, ko aka yi masa rigakafi, jikinsa yana ƙera wasu 'yan sojoji daidai da siffar ƙayar, su kama ta su riƙe tun ba ta maƙale ba. Ita kuma ƙwayar, wajen hayayyafa takan yi ɗan kuskuren kwafi, kamar 'yan aji in suna kwafar allo. Yawancin kuskuren ba ya komai. Amma wani yakan faɗa daidai wurin da sojojin suke kamawa, ya ɗan lanƙwasa ƙayar, sai su kai hannu ta zame. Wadda ta zame ɗin ita take yaɗuwa, tunda ita ba a tare ta ba. Haka na so in faɗa. Abin da ya fito daga bakina shi ne ƙaya, da kwafi, da sojoji, da kuma ƙaya, duk ta cikin takunkumi biyu.

Kawu ya saurara da kai a karkace. Da na tsaya shan iska ya tambaya ƙayar kifi ce ko ta itace. Ya ce shi sojojinsa ba 'yan sabon ɗauka ba ne, sun je yaƙi sun dawo, sannan aka ƙara musu horo, ba za a ruɗe su da lanƙwasa ƙaya ba. Na ce ai matsalar ke nan, tsohuwar fuska suka haddace. Ya ce to su ci gaba da hadda, shi dai da la'asar zai je ya ɗauko uwarsa, kuma in ajiye filon nan a kan benci tun ban shaƙe shi ba.

Na ajiye. Na matsa gefe na kira Mama. Tana tsakiyar haɗa kaya, ina jin ƙarar kwanoni. Ta ce me Auta ya ce, na ce ya ce fanka ce, ta ce to fanka ce. Ta ƙara da cewa in rage karatun nan kafin ya sa ni jin tari a bango. Ta kashe.

Mai kemis ta ji komai, don katako ne ya raba shagunansu. Da na shiga ta ce tun jiya da yamma take jin tarin, ta yi masa magana ya ce ita dai burinta ta ga gari duka ba lafiya. Ta ɗauko wani ɗan kwali ta miƙo mini, gwajin da ake yi a gida, mai tsinken auduga da 'yar farar roba. Ta ce in har na sa kawun nan nawa ya cusa wannan a hancinsa, za ta rufe shago ta bi ni makaranta.

Da na fito ban nufi ƙofarsa kai tsaye ba. Na raɓe a jikin bango ina sake jera kalmomi, kuma daga inda nake ina hango shi ta gilashin kanta. Shi ya ɗauka na tafi. Ya buɗe wata kwalba ya shinshina ya rufe. Ya ɗan yi goge-goge. Ya buɗe wata. Ya shinshina bayan hannunsa, da wuyan rigarsa, da tsumman da ke hannunsa. Kowane karo sai ya riƙe numfashi, sannan ya yi ajiyar zuciya, kafaɗunsa su sauka. Ba a jima ba sai ya sake. Babu kowa a shagon da zai nuna wa. Ban taɓa kallon babba yana jin tsoro shi kaɗai ba, kuma ban so ganin ba. Kunya ta kama ni kamar na leƙa ɗakinsa.

Na yi gyaran murya na dawo bakin ƙofa.

"Kawu, akwai abin da ban kai ga faɗa ba ɗazu."

"Sauran ƙayoyi?"

"Wannan sabuwar ba ta cika taɓa hanci ba. Maƙogwaro ta fi kamawa. Yawancin masu kamuwa yanzu suna jin ƙamshinsu har su warke."

Ya tsaya da tsumma a hannu. "Yawanci, ko duka?"

Na san amsar da yake so. Na ce yawanci.

"Ke ko ƙaryar taimako ba ki iya ba," ya ce, ya jawo kujera ya zauna. Ya daɗe yana kallon kwalaben. "Wato ko ita ce..."

"Ko ita ce, mai yiwuwa ta bar maka hancinka. Amma Kaka ba hanci za ta taɓa mata ba."

Ban san daga ina maganar ta fito a miƙe haka ba. Da ta fita ma sai na so in bi ta in dawo da ita, don ban taɓa gaya wa Kawu magana mai nauyin wannan ba. Na shiga murza kwalin da ke hannuna. Shi ma kwalin yake kallo.

Ya ce yana da tambaya. In ta canza kaya har sojojinsa ba su gane ta ba, ta yaya wannan 'yar roba za ta gane ta, ko ta fi jininsa karatu ne? Wani daɗi ya kama ni, a inda bai kamata ba, don ba kullum ake tambayata abin da na sani ba. Na ce robar ba ƙaya take dubawa ba, abin da ke cikin ƙwallon take nema, shi kuwa bai cika canzawa ba. Ya ce wato kwalba aka canza, man yana nan. Na ce kusan haka. Ya ce ni dai daga yawanci sai kusan, ranar da aka tambaye ni sunana ma kusan Kamus zan ce.

Na ajiye kwalin a kan benci na ja baya. Ya fito ya ɗauka ya koma ciki. Ya gargaɗe ni cewa babu mai taɓa masa hanci, da hannunsa zai yi, kamar akwai wanda ya nema. Ya wanke hannu, ya baje kayan a kan kanta, ni kuma ina faɗa masa yadda ake yi daga bakin ƙofa. Ya shigar da tsinken a hankali, kamar mai shiga ɗakin da jariri yake barci. Na ce ya ƙara ciki, kuma ya juya. Ya harare ni ta saman hannunsa, hawaye yana gangaro masa, ya ƙara ciki. Atishawar da ta biyo baya sai da kwalabe suka amsa, mai gyaran waya ya leƙo ya koma. Ɗigo kuwa ba a koya wa Kawu. Ya ɗiga ruwan a ramin robar, ko gefe bai taɓa ba, ya dube ni ko zan yaba. Na yaba.

Muka yi jira, shi a ciki ni a waje. Wata mata ta zo za ta shiga sayen turare, ya ɗaga mata hannu ya ce ana gyara. Ya tambaye ni makaranta, na ce lafiya. Ya tambayi ko har yanzu ina karanta bayan kwalin sabulu in na shiga wanka, na ce wani lokaci. Can ya sunkuya a kan robar. Da ya ɗago, fuskarsa ta washe.

"Layi biyu," ya ce, ya ɗago ta yana nuna mini. "Allura biyu, layi biyu. Kin ga shaida. Duk suna nan, ba wadda ta zube."

Ya ƙwanƙwasa katako yana kiran mai kemis ta zo ta gani da idonta. Ta amsa daga can cewa tana da mutum. Ya sake kallon robar da alfahari, kamar sakamakon jarrabawar ɗansa ne. Na waiga ko mai kemis za ta fito ta faɗa a madadina, ba ta fito ba.

"Kawu, layin sama yana nuna gwajin ya yi aiki ne. Na ƙasa kuma..."

"Allura ta biyu."

"Na ƙasa ita ce, Kawu."

Ya juya robar ya dubi bayanta, kamar akwai wata amsa a can. Ya ɗauko takardar kwalin, ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya bi hotunan da yatsa. Mai kemis ta fito, ta hango layukan daga nesa. Na jira ta yi masa dariya, ba ta yi ba. Ta ce sannu, ta koma shagonta, ta dawo da takunkumi rataye a bakin sandar mofa ta miƙa masa. Ya karɓa. In faɗa tun yanzu, hancin bai tafi ba a wannan karon, don ni ma ba na son labarin da yake riƙe irin wannan har ƙarshe. Amma shi a lokacin bai sani ba, ni ma ban sani ba.

Da ya ɗaura takunkumin ya tambaya, a hankali, wato a banza ya miƙa kafaɗarsa ke nan. Na ce a'a. Masu kama ƙaya aka zame wa a bakin ƙofa, amma akwai wasu sojojin a can ciki da ɗan lanƙwasa ba ya ruɗa su, su ne suke bin ta ɗaki-ɗaki in ta riga ta shiga. Na ce mai yiwuwa su ne suka sa yake zaune yana tsokanata maimakon kwance. Ya ce ga mai yiwuwa ma ta iso, 'yan gidan sun cika.

Shi da kansa ya kira Mama. Ya ce, "Yaya, ba zan zo ba," ya gaya mata dalili. Ina jiyo muryarta daga inda nake tsaye, tana salati, tana tambaya, tana amsa wa kanta. Ta ce to sai su hau tasi. Kawu ya dube ni ta saman takunkumi, na ga idonsa ya ɗan dawo irin na kullum, abin da bai kwantar mini da hankali ba. Ya tambayi Mama ko Kamus ta gwada direban tasin. Ya ce shi bai ga amfanin a cire tarin da aka sani a sa wanda ba a sani ba. Sannan ya ce ai akwai mai lasin a gidanmu.

Akwai. Bara Baba ya sa ni makarantar koyon tuƙi. Tambayoyin takarda duk na cinye su, ko ɗaya ban faɗi ba. Na tuƙin ma na ci, amma malamin da ya fito daga motar sai da ya zauna a bakin hanya ya nemi ruwa. Tun daga ranar ban sake taɓa sitiyari ba. Na fara jero wa Kawu dalilai, wannan karon ma na baya yana riga na gaba. Ya bar ni na gama. Ya zaro makullin mota, ya fesa masa sifirit ɗin da yake haɗa turare da shi, ya wurgo shi kan benci kusa da filo.

"Ke kika karanta," ya ce, "ke za ki je."

Motar tana gefen shago, ƙarama, tsohuwa, mai giyar hannu. Na buɗe ƙofofinta duka na bar ta tana shan iska da rana har azahar ta wuce. Na goge sitiyari, da giya, da madubi, da wuraren da ba wanda ya taɓa taɓawa tun da aka ƙera ta. Kawu ya rufe shago ya hau sama, yana kallona ta taga. Ya leƙo ya ce goge-goge ba ya kai mutum asibiti.

Tafiyar zuwa ba zan ba da labarinta ba. Na isa dai, kuma ban taɓa kowa ba.

An turo Kaka a keken marasa lafiya, ta ƙanƙance cikin mayafi, amma idonta yana nan yadda na san shi. Ta dubi motar, ta dubi bayana, ta ce ina Auta. Mama ta gaya mata. Ta ce ba ya yi ta ba? Ba an yi masa allura ba, har ya ishe su da labari? Mama ta ce ta tambayi ƙawarta, ita ce ta karanta. Kaka ta ƙare mini kallo, da takunkumina biyu da makulli a hannuna.

"Ƙawata, ke ce direba?"

Na ce ni ce.

"Likita ya sha wahala a kaina. Kada ki ɓata masa aiki."

Muka shimfiɗa bargo, muka jingina ta da filo a baya, Mama a gefenta. Aka ɗage gilashi duka. Numfashina ya riƙa hawa kan tabarauna yana rufe mini hanya, ga shi ba ni da hannun gogewa, duka biyun sun manne a sitiyari. Mun yi nisa kaɗan Kaka ta tambayi Mama ko an tashi. Da wani tsoho mai keke ya wuce mu ta ce a gaishe shi, ta yiwu mu sake haɗuwa gobe. A shataletale motar ta mutu. Na tayar, ta sake mutuwa. Na baya suka hau ham, wani ya leƙo ya faɗi abin da ba zan rubuta ba. Mama tana addu'a ƙasa-ƙasa. A daidai nan Kaka ta ga ya dace in yi mata bayanin yadda cuta take gane mutum shi bai gane ta ba. Na ce, Kaka, ba na iya magana ina tuƙi. Ta ce ai ta lura ba na iya tuƙi ina shiru ma. Mama ta fashe da dariya a tsakiyar addu'a, ni kuma ƙafata ta saki kulocin a hankali, ba da sanina ba, motar ta ja.

Rana ta yi sanyi muka shigo titinmu. Na tsaya a ƙofar gida, ko in ce kusa da ita, gaban motar yana kallon bango, bayanta yana kan hanya. Muka fito da Kaka, ni ta dama Mama ta hagu. Ta ce ba ta shiga sai ta ga ɗanta.

Yana can a tagarsa, tsallaken titi, sama da shagon da yake rufe. Ya ɗago hannu. Kaka ta daɗe tana kallonsa. Ta gaya wa Mama cewa ya rame, a kai masa abinci a ajiye a matakala, kuma kada a cika yaji. Kawu ya ɗaga murya zai yi mata sannu da zuwa, maganar ta karye a tsakiya, tari ya sarƙe shi. Ya juya baya ya dafa bango. Titi ne tsakaninmu, da motoci, amma mun ji shi sarai.

Yatsun Kaka suka matse damtsena. Ta saurara har tarin ya lafa. Ita da ta yi makonni a ɗakin masu tari, ba ta tambayi kowa komai ba.

"Mu shiga," ta ce.

Da na fito daga baya don in gyara fakin, Kawu ya dawo taga ya hau koyarwa da hannu, tunda muryar ta ƙi. Ya nuna baya, na sa giya, motar ta yi gaba ta sumbaci bango. Ya kama kai. Ya sake nunawa, a danna sannan a ja, na danna na ja, ta mutu. Mai gyaran waya ya fito zai taimaka, Kawu ya ɗaga masa yatsa, don ba ya ba kowa motarsa sai wanda dole ta sa. Mama ta leƙo ta ce in bar ta haka in zo in ɗora ruwan zafi.

Haka motar ta zauna, wutsiyarta a kan titi, kowa yana kauce mata yana tsaki, har ranar da Kawu ya sauko. Kaka kuwa tana ɗakinta duk tsawon lokacin, tana numfashi da kanta, tana faɗa da Mama a kan wanda ya canza mata labule.